onX Hunt a Dajin Wiskonsin: Taswirar da ke Gaya Maka Gonar Wa Ka Taka

onX Hunt manhajar taswira ce ta mafarauta, ta wani kamfani da ke garin Missoula a jihar Montana ta Amurka. Kamfanin ya faro ne a 2009 da sayar da ɗan katin memori da ake sawa cikin na'urar GPS ta Garmin, daga baya harkar ta koma kan waya da kwamfuta. Babban aikinta guda ɗaya ne, kuma har yau shi ake biya wa kuɗi: ta shimfiɗa iyakokin filaye a kan hoton tauraron ɗan'adam, ta rubuta sunan mai kowane fili, sannan ta nuna maka da shuɗin ɗigo inda kake tsaye. Sauran abubuwan da aka cusa mata, irin su hasashen iska da taswirar amfanin gona, wasu suna da amfani ƙwarai, wasu kuwa ado ne.

Wurin da ya fi dacewa a auna ta shi ne jihar Wiskonsin, a farautar barewa mai farin wutsiya. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar, wato DNR, ta kasa jihar gida huɗu don wannan farauta: dajin arewa, dajin tsakiya, gonakin tsakiya da gonakin kudu. Babbar farautar bindiga kwana tara ce kacal, tana farawa ranar Asabar da ke gaban bikin godiya na Amurka (Thanksgiving) na ƙarshen Nuwamba, kuma mutum fiye da rabin miliyan ne ke fita cikinta. Baƙon da ya taso daga Chicago ko Minneapolis ba shi da lokacin yawon neman wuri bayan an buɗe. Duk abin da zai yi na zaɓen wuri, sai ya gama shi tun yana gida.

Hukuncinmu a taƙaice: ga wanda bai gaji gona a can ba, kuma ba shi da ɗan gari da zai riƙe masa hannu, manhajar ta ci kuɗinta. Amma layin da take zanawa ba awon safiyo ba ne, sunan da take nunawa ba izini ba ne, kuma mafi yawan waɗanda ke shiga matsala da ita sun manta da ɗayan biyun nan ne.

Dalilin da ya sa layin ke da nauyi a wannan jiha biyu ne. Na farko, dokar Wiskonsin ba ta tilasta wa mai gona ya kafa allo ko ya ja waya ba. Fili ko da babu alamar komai a kansa, shiga ba da yardar mai shi ba laifi ne, kuma wannan ya haɗa da bin barewar da ka harba ta tsallaka ta faɗi a can. Ƙarar irin wannan ma ba wurin jami'an DNR take zuwa ba, ofishin sharif, wato shugaban 'yan sandan gunduma, ake kira. Na biyu, takardar izinin harbin barewa marar ƙaho a ɗaure take da abu uku: yanki, shiyyar da ke cikin yankin, da irin filin, ko na gwamnati ne da aka buɗe wa kowa ko na wani mutum. Mai takardar filin jama'a da ya harbi macen barewa a gonar abokinsa ya karya doka, ko da abokin na tsaye kusa da shi yana masa barka. Don haka sanin inda ƙafarka take a lokacin da ka ja kunama ba ƙaramin abu ba ne.

Aikin gida

Manhajar ta fi daɗin aiki a kan kwamfuta. Asusu ɗaya ne, duk alamar da ka dasa a babban allo za ka same ta a waya, kuma wanda ya tsaya tsara tafiyarsa a allon waya kaɗai zai wahalar da idonsa a banza.

Tambaya ta farko ita ce daji ko gona. A arewa fili ba matsala ba ne. Dajin tarayya na Chequamegon-Nicolet kaɗai ya kai eka kusan miliyan 1.5, dazuzzukan gundumomi kuma sun kai eka kusan miliyan 2.4. Sai dai barewa ba ta da yawa a can, saboda tsananin hunturu da ƙarancin abinci da kyarketai, ana iya kwana uku a zaune ba a ga ko wutsiya ba. A yankin gonaki lamarin ya juye: barewa ta yi yawa, ta ƙoshi da masara da waken soya, amma kusan kowane taku na wani ne. Gundumar Buffalo da ke gefen kogin Mississippi ta yi suna wajen manyan mazan barewa masu rassan ƙaho, kuma don haka ne ƙofar gona a can ta fi ko'ina wuyar buɗewa. A nan ne manhajar ta fi nuna kanta, wajen tono 'yan ƙananan filayen jama'a da suka maƙale tsakanin gonaki, eka 40 nan, eka 80 can, waɗanda mai wucewa a mota ba zai taɓa sanin da su ba.

Daga cikin waɗannan, mafi daraja su ne filayen da ake kira MFL. Dazuzzuka ne na mutane, amma masu su sun shiga wani shirin jiha da ke rage musu haraji. Wanda ya yi rajistar dajinsa a matsayin buɗaɗɗe, dole ya bar jama'a su shiga da ƙafa su yi farauta. Manhajar tana da shafin da ke nuna su, kuma a wajen takardar izini ana lissafa su cikin filin jama'a ne, duk da cewa na mutum ne. Abu uku za a kiyaye. Akwai MFL buɗaɗɗe, akwai rufaffe, kuma fili guda yana iya zama rabi buɗe rabi rufe. Matsayin fili yana iya canzawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka duk wanda ka zaɓa, ka sake duba shi a taswirar DNR ta intanet, wadda kyauta ce. Sannan izinin na tafiya da ƙafa ne: ba mota, ba babur mai ƙafa huɗu, ba barin dandamali ko kyamara a bishiya sai da yardar mai wurin.

Idan ka tara filaye goma ko sha biyar, sai a fara tankaɗe. Ka fara da ma'aunin nisa. Ja layi daga inda ake ajiye mota zuwa tsakiyar filin. Duk abin da bai kai mita 400 daga mota ba, ranar buɗewa zai cika da mafarauta cikin rigunansu ruwan goro. Yawancin mutane ba sa tsallake fadama, ba sa hawa tudu mai tsayi a cikin duhu, don haka wurin da ke bayan ruwa ko bayan hawa ya fi wurin da ke da nisa kawai. Wannan yana nufin dogon takalmin roba da fitilar goshi su shiga jerin kaya tun yanzu.

Sai ka kunna layukan tsayin ƙasa a kan hoton. Abin da ake nema shi ne inda ƙasa ke matse barewa ta bi wuri guda: siririn daji da ya haɗa manyan dazuzzuka biyu a tsakanin gonaki, lotsawar da ke tsakanin tuddai biyu, kan kwazazzabo inda dabba ke kewayewa maimakon ta sauka ta hau, da ɗan tsibirin busasshiyar ƙasa a tsakiyar fadama. Bayan harbin safiyar farko, barewa tana barin bakin gona da rana, ta shige mafi kaurin sarƙaƙiya. Wanda ya dasa duk alamominsa a bakin gona saboda hoton ya yi kyau, ya shirya wa farautar baka ta watan Satumba ne, ba ta bindiga ba.

Shafin amfanin gona yana da kyau, amma a fahimci daga ina ya fito. Bayanan ma'aikatar noma ta Amurka ne, kuma sai an gama kaka ake fitar da na shekara. Abin da kake gani na bara ne. Da yake manoman can suna juya masara da waken soya, gonar da aka nuna masara akwai yiwuwar wake ce bana. Ciyawar alfalfa ita kan zauna shekaru a wuri ɗaya. Abin da shafin ba zai taɓa gaya maka ba, kuma shi ya fi muhimmanci, shi ne ko an girbe masarar. A shekarar da ruwa ya yi yawa girbi ya makara, barewa tana shiga cikin masarar da ke tsaye ta ci ta kwanta a nan, dajin da ke gefe ya zama fayau. Rahoton girbi na mako-mako da ma'aikatar noma ke fitarwa zai ba ka hoton jihar gaba ɗaya, amma gonar da ke kusa da wurinka sai ka je da ido.

A dajin arewa, inda babu gona, shafin saran katako ne ya maye gurbinsa. Wurin da aka sare shekara biyu zuwa goma da suka wuce yana fitar da tohon bishiyar asfen mai kauri, abinci ne kuma maɓoya. Ka nemi inda irin wannan toho ya haɗu da fadamar itatuwan da ba sa kaɗe ganye, domin can barewa ke fakewa idan sanyi ya tsananta. Shafin ya fi cika a dajin tarayya. A dajin gunduma wani lokaci hoton tauraro ne zai nuna maka saran, shi ma ka duba shekarar da aka ɗauke shi. Akwai kuma shafin bishiyar ok, wadda barewa ke son 'ya'yanta. Kimantawa ce daga sama, ba ƙidayar bishiya ba, kuma ok ba ta yin 'ya'ya daidai kowace shekara. Farar ok tana zubarwa da wuri, kafin ƙarshen Nuwamba an cinye. Jar ok ce ke saura.

A ƙarshe ka fita da wuri uku ko huɗu, kowanne da iskar da ta dace da shi. Manhajar tana bari ka rubuta wa kowace alama iskar da kake so, sai ta nuna maka ranar da hasashe ya yi daidai. A Nuwamba iskar yamma da arewa maso yamma ce ta fi yawa, amma a tanadi wuri ɗaya na iskar kudu. Hanyar shiga ma a zana ta, yadda warinka ba zai bi ta makwancin dabba ba kafin ka zauna.

Neman izinin gona

Idan ka taɓa fili a taswira, sunan mai shi zai fito, da girman filin, da adireshin da ake aika masa takardar haraji. Lambar waya ba ta ciki. Sau da yawa sunan na kamfani ne ko na amanar iyali, adireshin kuma na wata jiha. Irin wannan fili galibi an saye shi ne don farauta, ko an bayar da shi haya ga mafarauta, kuma bata lokaci ne. Wanda ake nema shi ne filin da adireshinsa ya yi daidai da gidan da ke kansa, musamman mai shanun madara ko mai gonar da barewa ke yi wa ɓarna.

A je tun watan Agusta ko Satumba, da rana, cikin kayan gida, ba da kayan farauta ba, kuma ba lokacin tatsar safe ko ta yamma ba. A nemi abu ƙarami: harbin macen barewa, mutum ɗaya, bayan kwana biyun farko da iyalin gidan suka saba riƙe wa kansu. Idan ya yarda, ka buɗe taswirar a gabansa ya nuna maka da yatsa inda iyakarsa take, inda shanu suke, da inda maƙwabcinsa ke zama. Wannan minti biyar ɗin ya fi duk bayanan da ke cikin manhajar. Ka karɓi lambarsa, ka kuma nemi ta maƙwabta, domin ranar da barewa ta tsallaka da harsashi a jikinta ba ranar fara neman mutum ba ce.

Inda layin ke kuskure

Iyakokin da manhajar ke nunawa daga ofisoshin gundumomi aka kwaso su, kuma Wiskonsin tana da gunduma 72, kowacce da yadda take sabunta nata. Taswirar haraji ce, an yi ta don a san wanda zai biya, ba don a raba rigimar iyaka ba. Za ka ga layi ya kauce wa shingen da ke cikin hoton da mita goma ko fiye. Filin da aka sayar bana yana iya fitowa da sunan tsohon mai shi. A gefe guda kuma GPS ɗin waya yana da nasa kuskuren, wajen mita biyar a fili, ya fi haka a ƙarƙashin itatuwa ko cikin kwari. Idan kuskuren biyu suka haɗu a gefe ɗaya, ɗigonka yana cikin filin jama'a, ƙafarka tana gonar wani.

Maganin mai sauƙi ne. Kada ka zauna ƙasa da mita 50 daga layi, kuma idan abin da ke ƙasa ya saɓa wa abin da ke allo, wato allon hukuma, fenti a jikin bishiya ko tsohuwar wayar shinge, a bi na ƙasa. Ƙara nisan ma ya fi, saboda barewar da aka harba a huhu tana iya gudun mita 50 zuwa 100 kafin ta faɗi. Yana taimakawa a san yadda aka yanka ƙasar tun asali: kowane murabba'in mil ɗaya eka 640 ne, an raba shi zuwa 'yan eka arba'in-arba'in, kowane gefe yadi 440. Filin eka 40 ƙarami ne ga bindigar da ke kai wannan nisan cikin sauƙi. Doka ta hana harbi cikin yadi 100 daga gidan da mutane ke zama idan kana kan filin da ba naka ba kuma ba ka da izini, ta kuma hana farauta cikin ƙafa 50 daga tsakiyar titi. Ma'aunin manhajar yana auna waɗannan da kyau, a auna su tun a gida.

Launi ma yana ruɗi. Ganin fili da launin gwamnati ba ya nufin a buɗe yake. Wuraren shaƙatawa na jiha suna da sassan da aka rufe. Sansanin soja na Fort McCoy yana da takardar izininsa daban. Gandun namun daji na Necedah yana da dokokinsa. Ƙasar ƙabilun asali, irin ta Menominee, ba ta baƙo ba ce. Layin dogo kuma, da ke kama da hanya mai daɗi zuwa filin da gonaki suka kewaye, mallakar kamfanin jirgi ne, bin sa laifi ne. Haka hanyoyin daji: manhajar za ta zana hanya, ka isa ka tarar da ƙarfe a gicciye. A dajin tarayya, taswirar hanyoyin mota ta hukumar gandun daji ita ce hujja, kuma kyauta ake samunta.

Wani abin lura: a 2025 an sake zana shiyyoyin dajin arewa, suka tashi daga bin iyakar gunduma suka koma bin yanayin daji, da lamba maimakon suna. Wanda ke da tsohuwar taswira a waya, ya goge ya sauke sabuwa.

A cikin daji

Sabis ɗin waya a arewa da cikin kwaruruwan kudu maso yamma ba abin dogaro ba ne. Manhajar tana aiki ba sabis, amma da sharaɗin ka sauke taswirar tun da wuri. Ana zaɓar faɗi: ƙaramin yanki mai kaifin hoto, ko babba mai dishi-dishi. A sauke babba guda don tuƙi, da ƙanana masu kaifi a kan kowane wurin zama. Kuskuren da aka fi yi shi ne saukewa a intanet ɗin masauki mai rauni daren jajibiri, abin ya tsaya a rabi. A yi shi a gida, sannan a sa wayar a yanayin jirgi a buɗe taswirar a gani ko iyakoki da sunaye sun fito. GPS ba ya buƙatar sabis, yana aiki a yanayin jirgi, kuma barin wayar a haka shi ke ceton batir, domin neman sabis ne ke cinye shi.

Sanyi shi ne babban abokin gaba. Safiyar Nuwamba a can tana sauka ƙasa da sifili, batir kuma yana iya faɗuwa daga kashi 40 ya mutu farat ɗaya. Waya ta zauna a aljihun ciki kusa da jiki, tare da fawa banki mai ƙarfin mAh 10,000 da gajeriyar wayar caji. Mai bin sawu, wato abin da ke zana hanyar da ka bi, yana shan batir sosai. A kunna shi wajen shiga, a kashe idan an zauna. Kamfas na hannu da sanin cewa titi yana gabas ko yamma da kai ba su tsufa ba. Kafin fita kuma a tura wa wani alamar wurin zama da lokacin dawowa. Manhajar tana yin wannan da taɓawa biyu, kuma yana da muhimmanci, domin faɗowa daga dandamalin bishiya ya fi harsashi raunata mafarauta. Ɗamarar jiki da igiya ba zaɓi ba ne.

Hasashen iskar manhajar shi ne ɓangarenta mafi rauni, ba don an yi shi da ganganci ba, sai don iskar sama daban, ta cikin kwari daban. A ƙasar tuddai, iska tana gangarowa da asuba da yamma idan ƙasa ta yi sanyi, tana hawa idan rana ta dumama gangare, a ƙasan kwari kuma juyawa take yi. Kibiyar da ke allo ba ta san wannan ba. 'Yar kwalbar hoda da ake fesawa a ga inda ta nufa ta fi ta gaskiya. Lokacin fitowar rana da faɗuwarta ma da take nunawa na kimantawa ne. Lokacin harbi a doka yana farawa minti 30 kafin fitowar rana, ya ƙare minti 20 bayan faɗuwarta, wajen shida da rabi na safe zuwa kafin biyar na yamma, kuma jadawalin DNR ne ake bi.

Inda ta fi burgewa shi ne bayan harbi. Kafin ka motsa, dasa alama inda kake, da wata inda barewar ta tsaya, da wata inda ka gan ta ƙarshe. Daji yana canza kama da zarar ka sauko daga bishiya. Kunna mai bin sawu, ka dasa alama a kowane ɗigon jini. Idan jinin ya yanke, layin alamomin zai nuna inda ta dosa, hanyar da ka riga ka bi kuma za ta nuna inda ba ka duba ba, maimakon ka yi ta kewaya wuri ɗaya. Jini mai haske da kumfa na huhu ne, minti 30 ya isa jira. Idan ya zo da wari da ɗanyen abinci, tumbi aka samu, kuma bin ta da wuri tayar da ita ne ta yi nisa. Mafarauta kan jira awa shida zuwa takwas. Ga Musulmi akwai ƙarin magana a nan: ana ambaton sunan Allah lokacin harbi, idan an iske ta da rai a yanka, kuma malaman Malikiyya suna da bayani kan dabbar da ta ɓace ta kwana kafin a same ta. A tambayi malami tun kafin tafiya, a kuma guji harbin da ba a tabbatar da shi ba dab da magariba.

Babban namijin barewa bayan an cire kayan ciki yana kai kilo 70 zuwa 90. Kafin ka yi murna da wurin da ke kilomita biyu bayan fadama, ka duba layukan tsayi ka ga ta ina za a ja shi. Tiren roba da ake ja a kan ƙanƙara yana rage wahala. Doka ta yarda a raba gawar gida biyar a daji don fitarwa, kai yana manne da ɗaya daga ciki. Rajista wajibi ce kafin ƙarfe biyar na yammacin ranar da ke bin ranar da ka ɗauko ta, ta intanet ko ta waya a tsarin GameReg, kuma za a tambaye ka shiyya da irin fili. Alamar da ka dasa ita ce amsar.

Sai cutar CWD, mai lalata ƙwaƙwalwar barewa, wadda aka fara ganowa a jihar a 2002 kusa da Mount Horeb, kuma ta fi ƙamari a gundumomin Iowa, Dane, Sauk da Richland. Manhajar tana nuna yankunan da ta shafa, amma jerin gundumomin da aka hana zuba abincin jan barewa yana canzawa ko a tsakiyar kakar farauta, don haka shafin DNR za a duba. Gwaji kyauta ne. Ana ajiye kai da ɗan wuya kamar inci biyar a wuraren karɓa, sakamako ya fito cikin mako biyu ko ƙasa da haka. Hukumomin lafiya sun ce kada a ci naman da aka samu da cutar. A rubuta wa kowace leda alamar barewar da ta fito daga gare ta, kada a haɗa niƙa kafin sakamako, kuma a duba dokar fitar da gawa daga gundumar, da ta jihar da za a koma, domin da yawa ba sa barin shigo da kai da ƙashin baya.

Abin da ba ta yi, da kuɗinta

Ba ta sayar da lasisi. Wannan a tsarin Go Wild na jihar ake yi: a 2025 kuɗinsa dala 24 ne ga ɗan jiha, dala 200 ga baƙo. Wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1973 zuwa yau sai da shaidar kwas ɗin farauta, ko ya fita ƙarƙashin mai koyarwa da zai zauna dab da shi. Rabin tufafin da ke sama da ƙugu dole ya zama ruwan goro mai ƙyalli ko ruwan hoda mai ƙyalli, har da hula idan an sa. Wanda ke Amurka da biza, dokar tarayya kan riƙe bindiga ta shafe shi daban, ya warware wannan kafin ya taɓa bindigar kowa. Ba za ta kuma bambance maka barewa da elk ba, ƙatuwar 'yar uwarta da aka dawo da ita yankin Clam Lake a 1995 da gundumar Jackson a 2015. Ɗan elk yana kama da babbar macen barewa a cikin duhun daji, harbinsa kuwa babban laifi ne.

Kuɗin shekara ne. Matakin Premium na jiha ɗaya yana wajen dala 35, Elite mai duk jihohi yana wajen dala 100, kuma farashin yana motsawa, a duba kafin a biya. Ga mai zuwa Wiskonsin kaɗai, Premium ya wadatar. Abin da Elite ya ƙara mai amfani a nan shi ne sabon hoton tauraro, wanda ba shi da kaifi amma yana iya nuna ko an girbe gona ko an yi sabon sara. Mai farauta a bakin iyaka da Minnesota ko Michigan ne zai ga ribarsa sosai. HuntStand da BaseMap suna yin aiki makamancin wannan, kuma iyakokinsu daga rijiya ɗaya aka ɗebo, wato ofisoshin gundumomi, don haka sauya manhaja ba ya gyara layin da ya karkace. Wanda ke zuwa gonar ɗan'uwa guda ɗaya kowace shekara ba ya buƙatar ko ɗaya. Taswirar gunduma ta intanet kyauta ce, ya buga ta a takarda.

Akwai gwajin kwana bakwai kyauta, amma kada a ɓata shi a makon farauta, lokacin da ba a da sukunin koyon maɓallai. A fara a watan Agusta, a yi tankaɗen filaye, a je a taka biyu ko uku a Oktoba a ga sawu da kashi da inda maza suka goge ƙaho a jikin itace. Biyan yana sabunta kansa duk shekara idan ba a kashe ba, kuma wanda ya saya ta shagon manhajojin waya, a can zai kashe, ba a shafin kamfanin ba. Kafin a bar shi ya ƙare, a fitar da alamomin a fayil ɗin GPX a ajiye, domin na'urar Garmin da sauran manhajojin taswira duk suna karanta shi.